Abin da Alapati Ya Ƙi Nunawa a Fim

Zuwa ga Kawu Pelenato, a tsibirin Savai'i.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Faasega da duk mutanen gida. Allah ya ƙara maka sauƙin wannan ƙafa, ya tsare ku daga iskar bana. Mu nan garin Logan lafiya lau. Mama tana shan maganin hawan jininta idan an tsaya a kanta, idan ba a tsaya ba ta ce ta manta. Maigidana Lotu yana nan da tuƙin bas, 'yarmu Teuila kuma ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci.

Kawu, na rubuto ne a kan ƙanena Alapati, don na san maganar za ta iso ka ta bakin mutane, kuma gara ka ji ta daga gida. Ka san shekarunsa da yawa yana aiki a wurin shirya finafinai na birnin Gold Coast, nan kusa da mu. Shi ne ake jefowa daga saman bene, shi mota ke bankewa, sai a nuna fuskar wani a ce shi ne jarumi. Bara aka fara wani babban fim da aka ɗauko daga ƙananan littattafan nan masu labari cikin hotuna, irin waɗanda yake ɓoyewa a cikin littafin waƙoƙin coci lokacin yana yaro. Labarin wani direban motar asibiti ne da ya mutu ya dawo, yana ganin aljanu yana faɗa da su. Aka ɗauki Alapati ya riƙa faɗuwa a madadinsa.

Wata rana yana canza riga, daraktar fim ɗin, wata mata mai suna Rowena, ta hangi gefen pe'a ɗinsa, wato zanen gargajiyarmu da aka buga masa a fata. Ta tambaya, ya nuna mata har gwiwa. Nan take ta ce ta sami sarkin aljanun tekun da take nema. Za a ba shi wannan matsayi, da fuskarsa, da muryarsa, da sunansa a jikin allon talla. Sharaɗi ɗaya ne, zanen jikinsa zai fito a fili, a sa na'ura ta mai da layukansa wuta, su riƙa motsi kamar macizai in zai kashe mutum. Har 'yartsana za a yi da siffarsa a sayar wa yara.

Ya zo cin abincin Lahadi bakinsa ba ya rufuwa don murna. Lotu ya buga teburi ya ce, "Kai, ashe ƙattin banza ma suna da rana! Daga yau ba na gaishe ka sai na durƙusa." Ni ma na yi guɗa. Mama ce kawai ta ci gaba da ɓare gwazarta. Da aka matsa mata, sai ta ce ita ba ta hana kowa cin arzikinsa, tambaya ɗaya take da ita: ranar da aka kwantar da shi a tabarma ana buga masa wannan zane, wa ya riƙe masa kai, kuma sunan wa aka kira? Sai ta ce a miƙo mata miyar kwakwa.

Kai ka san amsar, Kawu, tunda cinyarka ya yi matashi da ita, a shekarar da Baba ya rasu. Sunan Baba kuma aka kira. Alapati ya yi kwanaki yana yawo kamar marar lafiya. Ya ce mini gwiwoyinsa sun fara gajiya, in wannan dama ta wuce wata ba za ta zo ba. Na ce masa ya kira ka. Ya ce a'a, in ya kira ka zai zama kai ka hana, shi kuma yana so ya san abin da ke cikin zuciyarsa shi kaɗai.

Daga ƙarshe ya je ya sami Rowena. Ya ce mata zai yi aljanin da duk ƙarfinsa, amma a rufe masa jiki daga haƙarƙari zuwa gwiwa, don abin da ke wurin ba nasa ba ne shi kaɗai, na mahaifinsa ne da kawunsa da ƙauyensu. In faɗi gaskiya, matar ta saurare shi, har ta ba shi haƙuri. Amma masu fim ɗin da ke can ƙasar waje suka ce zanen suke so, in babu shi suna da wani ɗan wasa sananne. Haka aka yi. Aka zana wa wancan wasu layuka na ƙirƙira, Alapati ya koma faɗuwarsa. Wasu 'yan'uwa a coci suna ta cewa ya yi wauta, wai ya zubar da rabonsa saboda fata. Su ne nake tsoron su riga ni zuwa kunnenka.

Asabar da ta wuce fim ɗin ya fito, muka tafi da rana dukanmu. Mama, wadda rabonta da silima tun tana budurwa, ta sa farar hularta ta coci, ta cusa dafaffiyar ayaba a jaka. Jarumin yana sanye da baƙin abin rufe fuska, amma duk sa'ad da aka jefo shi sai ta dafe ƙirji, don ta san Alapati ne a ciki. Da aljanin ya wurgo shi daga saman jirgin ruwa, sai muka ji muryarta ta cika ɗakin: "Kai, ɗan banza, sake mini yaro! Alapati, tashi ka rama!" Turawan da ke gabanmu suka yi ta dariya, shi kuwa ya nutse cikin kujera yana cewa, "Mama, don Allah, ga ni nan kusa da ke."

Da fim ya ƙare mutane suka watse, ta ce ba mai motsawa sai ta ga sunansa. Muka zauna sunaye suna ta wucewa, har can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, ya bayyana tare da sunan Baba. Ta miƙe tsaye, ta sa mu duka muka miƙe. A mota ta tambaye shi wace faɗuwa ce ta fi yi masa ciwo. Ya ce ta jirgin ruwan. Muna isa gida ta kwantar da shi a tabarmar falo, ƙato guda, ta yi ta shafa masa man kwakwa a baya tana yi masa faɗa, wai bai iya sauka ba. Na ga yana goge ido da hannun riga, na yi kamar ban gani ba.

Roƙona, Kawu, ka kira shi. Kunyarka yake ji, wai don ya yi kwanaki yana tunani kafin ya ƙi. Ko ba ka ambaci fim ba, ya dai ji muryarka.

Ka gaishe mini da Inna Faasega, da Yaya Siaosi da iyalinsa, da fasto. Mama ta ce a gaya maka ka rage naman gwangwani. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

'Yarka,
Leata