Inna, Hajiya Lanti Ta Dawo Gidanmu

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki a durƙushe, da fatan makwancinki ya fi ɗakinki na Ƙofar Gayan sanyi da yalwa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, masu leƙe ta kafaɗata ne za su karanta. Su leƙa, ba mudu nake ragewa ba.

Albishir na kawo miki: Hajiya Lanti ta sake taka gidanmu.

Ke da ba a taɓa jin zagi a bakinki ba, ciwon nan ya sa ki zagin Lanti a gaban mutane, aminiyarki tun kuna amare. Daga baya magana ta sarƙe, hannu ya ƙi riƙe ludayi. Sai Gwaggo Asabe ta tuno cewa makon da abin ya fara, Lanti ta aiko miki da kunun gyaɗa. Shi ke nan, aka ce sammu, aka hana ta ko zaure. Ranar da aka ɗauke ki, a bayan katanga ta yi kukanta.

Ni kuwa ɗan kasuwa ne, ba na sayen buhu ban zura hannu har ƙasa ba. Na koma wurin likitan ƙwaƙwalwar da ya duba ki, na tsare shi sai ya faɗa mini abin da ya cinye uwata.

Ya ce jikin mutum cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da aikinta. In wahala ta taso, zafi ko guba ko wani ciwo, ƙwayar takan dakata da aiki, ta tattara kayanta curi-curi ta adana. In ƙura ta lafa, ta warware su. Masu bincike suna zargin cewa a irin ciwonki curin nan ƙin warwarewa yake yi, ya daskare, ya riƙe kayan aiki, har ƙwayar ƙwaƙwalwa ta mutu. Ya ce ba a gama gane shi ba, magani ma da saura, amma dai ba ta kunu yake shiga ba.

Inna, yana bayani, ni ke nake gani a rumfarki ta hatsi. Hadari na haɗowa kin tara gero da dawa wuri guda, kin ja tampol. Ruwa na ɗaukewa kin hau mu da faɗa: "Ku yaye, ku baza mini kaya su sha iska!" Wanda ya yi kasala, washegari ya tarar gero ya cure ya yi fumfuna. Na gode da faɗan nan. Da shi na gane turancin likita, da shi kuma na kama Gwaggo.

Kin san ba a tararta gaba da gaba. Sai na fara da yabon iya adana hatsinta, har ta gyara zama. Sannan na tambaye ta, in gero ya cure a ƙarƙashin tampol, maƙwabcin rumfa ake kamawa? Ta harare ni, ta ce bakina ya fi jarina. Amma da matata ta sauka lafiya, Gwaggo da kanta ta ƙulla goron suna ta ce a kai wa Lanti.

Mace aka samu, Inna, mun mayar da sunanki. Duk gidan ba mai iya kama shi. Mu dai Ummi muke ce mata, Gwaggo kuma "matar Yaya".

Ranar suna Lanti ta shigo tana dogara sanda. Ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana kallonta. Daga zaure na jiyo ta: "Hadiza, kin dawo? To zagin ya ƙare, ko da saura?" Aka fashe da dariya ana share hawaye. Tun rasuwarki ban ji sunan nan a tsakar gidanmu ba, kuma ita kaɗai ta rage mai ikon kiransa kai tsaye.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon nan ya zame miki kankarar zunubi. Allah Ya buɗe wa masu binciken nan ido, kada wata uwa ta tafi tana zagin wadda take so. Lanti ta ce in gaya miki ta yafe, ko da yake, in ji ta, kunun nan ya yi daɗi kuma ba ki taɓa yabawa ba.

Ɗanki mai bakin nan,
Garba