Jakar Malam Lawali Ta Daina Tsinkewa

Zuwa ga Babban Likita, shugaban ma'aikatan lafiya na yankinmu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Ina yi maka barka da hawa wannan kujera da muka saba ganin Nasara a kanta, yau ga ɗan ƙasa. Sunana Hamisu, ni baduku ne, rumfata tana layin dukawa a kasuwar Cadawa. Da ajami na rubuta wannan takarda, mushen lakol ɗinmu, wato malamin makarantar boko, ya juya mini ita zuwa boko, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana ko ɗaya. Sau biyu na aiko da saƙo buro, wato ofishinka, ta hannun direban motar gyaɗa, ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya, godiya. Takardar labarin ma'aikata da aka manna a ƙofar gidan likita na Agiye ta iso kunnenmu, mushe ya karanta mana abin da ke cikinta kaf. Mun ji an tura ungozoma mai ilimin lakol zuwa Gazawa. Wanda bai taɓa ɗora mace mai naƙuda a kan amalanken shanu ba, ba zai san girman wannan labari ba. Ni na ɗora ƙanwata. Mun ji an ambaci tsohon nan mai shara da dafa allurai da sunansa, an gode masa da zai tafi hutu, abin da ba a taɓa yi wa irinsa ba a zamanin da. Mun kuma ji an ƙara wa Malam Lawali girma, an yi shi majo, wato babban ma'aikatan gidan likita, an kai shi Gidan Rumji. Wallahi ranar na yi murna kamar ni aka ba.

Na biyu, bari in gaya maka wane ne Malam Lawali a wurina, ko da yake faɗar za ta ci mini tuwo. Ina da kuturta. To, na faɗa. Matata ce kaɗai ta sani, sai shi da magajinsa, sai Allah, yau kuma duk wanda aka karanta wa wannan takarda.

Shekara huɗu ke nan. Shi ne mai yawon raba maganin kutare, kasuwa zuwa kasuwa, a kan keken da gwamnati ta ba shi, wanda saboda rairayi rabin hanya keken ne ke hawansa. Wata rana ya zo rumfata in gyara masa igiyar jakar magani. Na miƙa hannu, rigata ta ja baya, ya ga wani jan tabo a damtsena. Ya jira har mutane suka ragu. Ya sa na rufe ido, ya shafa mini auduga a wurin, ya tambaye ni ko na ji. Ban ji ba. Ya gaya mini sunan ciwon a hankali, ya ce an kama shi da wuri, in na riƙe magani ba fashi zan mutu da yatsuna goma.

Na ce masa ba zan iya zuwa gindin tsamiya ba. Ranka ya daɗe, can ƙarshen kasuwa akwai tsamiyar da ake tara kutare a kira suna a ba su ƙwaya. Ni kuwa layu nake ɗinkawa. Wace uwa ce za ta rataya wa jaririnta layar da ta fito daga hannun kuturu? Ran da aka gan ni a wurin, ran nan rumfata ta mutu, ga bakuna shida a gida.

Bai yi mini wa'azi ba, dabara ya yi. Duk ranar kasuwa, in ya gama da na gindin tsamiya, sai ya biyo layinmu yana mita wai igiyar jakarsa ta sake tsinkewa. Ya miƙo mini, in sa hannu a ƙaramin aljihu in ɗauki ƙwayata, shi kuma ya roƙi ruwa. Ya sha a ƙoƙona, ya miƙo mini saura, in haɗiye yana kallo, domin ba ya yarda mutum ya tafi da magani gida. Ka dai ji, a ƙoƙona yake sha! Dukawan layinmu har tsiya suke mini, wai wane irin baduku ne wannan da igiya ɗaya ta gagare shi shekara huɗu. Ina dariya tare da su. Tabon ya dushe, yatsuna suna nan, da su na aurar da ɗiyata bara.

Na uku, ga inda kukana yake. Ranar da takardar ƙarin girma ta zo, ranar mota ta ɗauke shi, wai ana jiransa. Wanda ya maye gurbinsa, Mushe Saini, sai bayan mako guda ya iso. Ba su haɗu ba, ko gaisawa ba su yi ba. Littafi kawai aka miƙa masa da keke. Haba, ranka ya daɗe! Ko jaki ka saya, mai shi yakan gaya maka ta gefen da yake harbi. Mutum ya yi shekaru yana bin hanya, ya san gidan da ake shiga da wanda ake tsayawa a bayan danga, sai a ce duk abin da ya sani yana cikin littafi? Ni ba sunana ne a littafin ba, wata alama ce da shi kaɗai ya san ma'anarta. Kada a ga laifinsa, ni na roƙe shi da kuka.

Ba ƙarar Mushe Saini na kawo ba, Allah ya sani. Mutum ne mai ƙwazo, hantsi bai taɓa riga shi zuwa gindin tsamiya ba, na ga yana wanke gyambon wani tsoho da hannunsa ba ya ko yamutsa fuska. Amma daga yammacin ƙasa aka turo shi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba tukuna, sai aka haɗa shi da dogarin mai gari ya riƙa yi masa tafinta. Wannan dogari kuwa, kowa a Cadawa ya san abin da ya shiga kunnensa da safe yana bakin rijiya kafin azahar. Sau uku ina zuwa masaukin Mushe Saini, sau uku ina tarar da dogarin a zaune, in gaishe su in juyo. A na huɗu na same shi shi kaɗai, na nuna masa damtsena, muka yi ta bebanci. Abin da na gane shi ne, ba ya da ikon ba wanda ba ya cikin littafi magani sai babban likita ya duba shi. Ya yi ta dafa ƙirji yana ba ni haƙuri. Kasuwa bakwai ke nan ban haɗiyi ƙwaya ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Tun da Malam Lawali ya tafi, mutum biyu sun zo rumfata daban-daban, kowa da ɗan abin gyara na ƙarya, suna zagaye-zagaye suna tambaya ko na san ranar dawowarsa. Muka kalli juna muka gane. Akwai kuma wani gida da yakan tsaya shan fura duk mako, alhali na san fura ba ta dame shi ba. Ba zan faɗi ko su wane ne ba, ko an ɗora mini wuƙa. Ni na riga na tona kaina, gobe kasuwa zan tafi gindin tsamiya in zauna da ƴan'uwana, duk abin da zai sami rumfar ya same ta. Su kuwa ba za su iya ba, ɗaya daga cikinsu ma mace ce.

Na huɗu, roƙona. Ka ara mana Malam Lawali na kasuwa biyu kacal, ya zaga da Mushe Saini ƙauye-ƙauye, ya nuna masa mutanensa da ido, daga nan ya koma kujerarsa, domin ya cancance ta kuma ba ma so a rage masa komai. Ka sa doka cewa duk ma'aikacin da za a ɗauke, kada mota ta tashi da shi sai ya bi hanyarsa sau ɗaya tare da magajinsa. A samar wa Mushe Saini tafinta daga cikin ma'aikatanku, wanda ya san riƙon asiri. In da hali kuma a musanya masa keken nan da doki, tausayinsa nake ji.

Na ƙarshe nawa ne ni kaɗai: ka ba da izini a mayar da ni kan magani tun kafin ka samu zuwa duba ni. Ba gaggawar banza nake yi ba. Shekaranjiya ina ɗinkin laya ta wani jariri da za a yi wa suna, sai na ga jini a kan fatar. Na duba wuƙa, na duba tabarma, ina neman inda ya fito. Ashe basilla ce ta shige ƙaramin yatsana na hagu har ta ɓullo, ni kuwa ban ji komai ba.

Allah ya taya ka riƙon wannan aiki, ya ba ka mataimaka na gari, ya sa ƙasar nan tamu sabuwa ta ji daɗin hannunka. Allah ya saka wa Malam Lawali da abin da ni ba zan iya ba, ya buɗe wa Mushe Saini bakin Hausa. Kai kuma Allah ya raba ka da ranar da za ka zauna kana ƙirga yatsunka kowace safiya.

Ina jiran amsarka a gindin tsamiya.

Wassalam, naka mai biyayya,

Hamisu Baduku,
layin dukawa, kasuwar Cadawa.