Baraka Ba Ta da Sauran Wuri a Bakin Teku

Aminina Illa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma duk faɗin Jidda ba ni da wanda zan gaya wa, sai kai da ka bar mini amanar.

Maganar Baraka ce, raƙumarka. An ba mu zuwa Alhamis mu tashi daga filin da nake ɗaure ta. Motocin rusau har sun iso.

Ka tuna bakin tekun nan na arewa, inda kake ɗora yaran Larabawa a bayanta, iyayensu na gasa kifi a kan yashi? Rumfunan shayi aka fara kwashewa. Sai kwalta, sai otal, sai wani otal ya zo ya tsaya a gaban na farkon. Yanzu sai da tikiti ake ganin ruwa, kuma dabba ba ta shiga. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Babu shara, babu ƙuda, har guragu an yi wa kekensu hanya. Mu ne dai ba a yi da mu ba.

Ga abin da na ɓoye maka. Lokacin da kake jinya a unguwar Nuzla, kana ta faɗa da masu katange teku, na ce maka dako nake a unguwar masana'antu. Ƙarya ce, Illa. Ni nake kwaɓa simintin katangar. Ran nan ka daɗe kana duban farcena. Ka sani ne?

Mahauci ya zo sau biyu yana shafa mata tozo, na kore shi. Wani mutumin Chadi mai garke a gabas da gari ya yarda zai karɓe ta, amma babu direban da zai ɗauki raƙuma da mutum irina marar iƙama, takardar izinin zama. Da ƙafa za mu tafi, gobe da asuba. Akwai shingen 'yan sanda a hanya. In sun tare ni, halas, shi ke nan, sai jirgi, sai Sakkwato. Ni ina da inda za a mayar da ni. Ita fa?

Ɗazu na ja ta zuwa jikin katangar don ta ji iskar teku. Ta durƙusa da kanta, tana jiran a hau. Sai da na yi da gaske ta tashi.

Allah Ya kai haske kabarinka. In ban isar da ita ba, ka yafe mini duka biyun.

Naka,
Mamman, mai riƙe da akala