Ƙaiƙayin da Ya Kai Gaban Surukai

Daga Korgom

Yaya Uwani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Yaya, abin kunya ne, amma ba ni da wadda zan gaya wa sai ke. Tun farkon damina nake fama da ƙaiƙayi a ƙasana, ga farin ruwa kamar kindirmo. Na zauna cikin ruwan bagaruwa, na cusa tafarnuwa, har da ruwan kanwa na wanke kamar yadda Gwaggo ta ce. Yanzu ko zani ba na son ya taɓa ni. Gwaggo ta ce ciwon da ya gagari bagaruwa namiji ne ya kawo shi. Kin san maigidana bai daɗe da dawowa daga Agadas ba. Raina ya ɓaci, na faɗa masa haka a gaban mahaifiyarsa.

Ƙanwarki, Fatiha

Daga Tasawa

Fatiha,

Muna lafiya, amma takardarki ta tsinka min gaba. Kanwa? A wannan wurin? Ke tuwo ce da za a zuba miki kanwa? Kuma a gaban uwarsa kika jefi Sidi da wannan magana, mutumin da ko ido ba ya ɗaga wa mace? Gwaggo ba likita ba ce. Ki zubar da tarkacen nan, gobe ki hau kabu-kabu ki je wajen ungozomar gidan likita. Allah ya ba ki lafiya.

Yayarki, Uwani

Daga Korgom

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je. Ungozoma ta duba ni ta riƙe baki. Ta ce ciwon mata ne da ko budurwa tana yi, kanwa da tafarnuwa ne suka ƙone ni. Ta ba ni magani, na fara samun sauƙi. Sannan ta ce ciki gare ni, cikin ne ya taso da ciwon. Yaya, na rasa dariya zan yi ko kuka. Maigidana ya koma Agadas bai yi min sallama ba, ba ya ɗaukar wayata. Don Allah ki rubuta masa, yana jin nauyinki.

Fatiha

Daga Agadas

Yaya Uwani,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙonki ya iso. Na yi murna da cikin, Allah ya raba lafiya. Amma akwai abin da ba ku sani ba. Ranar da zan tafi na rubuta wa Fatiha saki ɗaya, yana hannun mahaifina, kunya ta hana shi miƙa mata. Malam ya ce iddarta sai ta haihu, kafin nan ina iya maida ta. Har yau ban iya kiran mahaifiyata a waya ba, don kunyar maganar da aka yi a gabanta. Ku ba ni lokaci.

Naki, Sidi