Wanda Za a Daɗe Ana Karantawa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki da jikoki.

Wata ma'aikaciyar gidan rediyo ta zo wurina. Suna so su haɗa marubuciyar labaran ban tsoro da marubucin labaran kimiyya, wato ke da ni, a yi muhawara a kan wanda za a daɗe ana karantawa. Da ta ji uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, har da tafa hannu. Ta karanta littattafanki kaf, ta ce saboda ke ba ta iya kallon madubi in ita kaɗai ce a ɗaki. Nawa kuwa ta ce ta nema ba ta samu ba.

Ban ga laifinta ba. Shekarar da na rubuta cewa mutane za su yi noma a duniyar wata ta zo ta wuce, ga ni nan tun makon jiya ina jiran mai gyaran famfo. Abin da ya tsorata kakanninmu shi zai tsorata jikokinmu, shi ya sa kasuwarki ba ta mutuwa. Ni goben da na sayar wa mutane ta riga ta zama jiya.

Tun rasuwar matata ba na yawan fita. Amma in za ki je, zan je.

Ƙaninki,
Auta

*

Autana,

Wa alaikumus salam, muna nan lafiya. Har yanzu wasiƙarka kamar ta mai neman aiki.

Kai dai da ƙorafi. Tun kana ƙarami in an raba mana abu sai ka leƙa na hannuna. Ni a asibiti ma tare ni ake yi a ce na hana mutane barci, amma ba wanda ya taɓa ce min na gode. Kai fa? Ka manta mutumin nan da ya rubuto maka cewa littafinka ne ya sa shi karatun taurari?

Rediyo ba za ni ba. Bari in gaya maka dalili kada ka ji a bakin wani. Kwanakin baya na ɗauki wani littafi a teburin falo, labarin wata mata da ke jin ana kiran sunanta daga cikin akwatin kayanta. Sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce wa 'yata, "Wace muguwa ce ta rubuta wannan?" Ta juya min bayan littafin. Hotona ne. Muka yi ta dariya, daga nan ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Likita ya ce irin mantuwar nan ce da ba ta ja da baya.

Aiko min da naka littattafan. Na ƙoshi da tsoro.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na yi ta rubuto miki, shiru. Littattafan sun iso kuwa? Daga ƙarƙashin gado na zaƙulo su, gara ta ɗan taɓa wasu.

An yi shirin rediyon ba tare da mu ba. Wani malamin jami'a suka kira, ya yanke hukunci cewa ke za ki daɗe, wai ni zamani ya ƙaryata ni. A kicin na saurara. Na juya zan yi musu, sai na ga ba kowa sai kujerar matata.

Sau da yawa na haɗa jaka zan taho, in sake kwance ta. Ina tsoron in yi sallama ki tambaye ni wa nake nema. Ki rubuto, ko da zagi ne.

Auta

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, yara ma suna gaishe ka. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Mama ba ta iya rubutu yanzu. Wasiƙunka suna isowa, ina karanta mata, tana saurare kamar labarin wasu mutane.

Nata littattafan ta hana a buɗe. Naka nake karanta mata da la'asar a bakin taga, musamman na mutumin da aka bari shi kaɗai yana gadin injuna a wata duniya, yana hira da shukar da ya dasa a gwangwani. Jiya ta dafa hannuna ta ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Ƙaninki ne, Auta."

Ta ce, "Ban san shi ba. Amma ko wane ne, ba shi da abokin hira. Yana da 'yan'uwa kuwa?"

Na ce yana da su.

Ta ce, "To me suke jira?"

Ba zan ɓoye maka ba, da wuya ta gane ka. Amma ɗakin baƙi a share yake.

'Yarka

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka.

Zan shigo motar safe ranar Laraba. Kada ki matsa mata da cewa ƙaninta ne. Ki ce marubucin ne ya ji ana cigiyarsa, ya zo. Ki sa alama inda kuka tsaya, ni zan ƙarasa mata.

Kawunki