Kwana Tamanin da Ɗaya Ba a Kai Ɗahiru Kotu Ba

Goronyo, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Kawu Abdulƙadiri, Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga mahaifinta, ina fatan wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah shi ƙara maka nisan kwana, shi sauƙaƙa maka ciwon gwiwan da Goggo Zinariya ta ce ya matsa maka tun bayan salla. Mu nan sai godiya. Inna tana Wurno, jiki ya yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida shan hantsi. Yarana suna lafiya, Aziza ta shiga aji huɗu, Mahbuba kuwa an yaye ta. Damina ta yi kyau, gero ya yi a Dinawa, sai dai gonakin da ke nesa da gari ba kowa ya iya zuwa girbinsu ba, ka san dalili.

Kawu, na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Abin da ke bakina ba na waya ba ne, don yanzu ba mu san wa ke saurare ba. Shi ya sa na ba Zayyanu direban motar albasa, na ce kada shi miƙa ta ga kowa sai hannunka. An gaya maka an tsare maigidana Ɗahiru, amma an rage maka labarin don kada hankalinka shi tashi. Yau kwana tamanin da ɗaya ke nan, kuma ban da wanda zan kai wa kukana bayan Allah sai kai.

Ga yadda abin ya faru. Ranar wata Laraba da hantsi, lokacin da gulbi ya cika, Ɗahiru shina mashigin da ke gabas da madatsar ruwa shina gyaran taru. Alhaji Sa'adu na Gandi, mai fataucin albasa, wanda ka sani, ya iso ya roƙe shi shi ƙetare da shi, don zai duba wata fadama. Sun shiga jirgi ke nan sai mutum biyar sunka fito daga cikin ciyawa da bindigogi. Ɗayansu ya ɗora wa Ɗahiru bakin bindiga a ƙeya, ya ce shi tuƙa. Ya tuƙa, Kawu. Mi za shi yi? Da sunka kai tsallake sai mutanen sunka sauka, sunka ce in wani ya buɗa baki sun san gidansa. Washegari munka ji an shiga wani ƙauye can tsallaken, an kashe mutum uku. Allah shi jiƙansu.

Ɗahiru ya kasa cin abinci ranar. Ya ce jirginsa ne ya kai su, kuma ya ga fuskokinsu, in ya yi shiru jinin nan har da shi. Sarkin Ruwa ya ce shi rufa wa kansa asiri. Uwarsa ta riƙe mashi riga tana kuka. Ni ce na goyi bayansa. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasin zaman ɗan ƙasa a makarantar 'yan mata, ina gaya masu cewa ɗan ƙasa nagari shina kai rahoto, doka kuwa tana kare shi. Na gaya mashi haka da bakina. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi wurin hukuma da ƙafarsa. Da la'asar wani ya kawo mani takalmansa da hularsa, ya ce an wuce da shi birni, wai shi ne mai yi wa 'yan bindiga jigila. Alhaji Sa'adu kuwa da ya ji haka sai ya kwashe iyalinsa ya bar Gandi, ya canza lambar waya.

Sati biyu ina yawo kafin in san inda shike. Da na gaji da roƙo sai na ɗauko kundin tsarin mulkin ƙasa da nake shiga aji da shi, na zauna na karanta shi karatun mai neman magani, ba na mai shirya jarrabawa ba. Na iske sashe na talatin da biyar ya ce duk wanda anka kama, a gaya mashi dalili a rubuce cikin awa ashirin da huɗu, da harshen da shike ji, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. Sashe na talatin da shida ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Sashe na sha huɗu kuwa ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Wallahi Kawu har wani sanyi na ji a raina. Na ja layi ƙarƙashinsu da jan biro, na sa littafin cikin hijabi na hau mota zuwa birni. Jami'in da na iske a kan tebur bai wulaƙanta ni ba. Ya bar ni na karanta mashi har ƙarshe, sannan ya ce Malama duk wanga gaskiya ne, amma littafin zaman lafiya ne, yanzu kuwa ba a cikin zaman lafiya muke ba. Na tambaye shi a wane shafi anka rubuta haka. Ya ce in je in dawo.

Na je na dawo sau bakwai. A na bakwai wata mata da ke jiran ganin ɗanta ta kwatanta mani ofishin wata lauya, Barista Mashkura, mai tsaya wa marasa ƙarfi don Allah. Ita ce ta nuna mani cewa shekara goma sha ɗaya ina koyar da rabin magana. Ta ce sashe na sha huɗu, wanga na tsaron jama'a, shina cikin babi na biyu, kuma kundin da kansa ya ce ba a kai ƙarar gwamnati kotu don ta kasa cika abin da ke wanga babi. Wato an rubuta cewa haƙƙinmu ne a tsare mu, amma ba alƙalin da zai tambaya don mi babu kowa a mashigin nan ranar da anka ɗora wa mijina bindiga. Sannan ta juya shafi ta nuna mani wutsiyar sashe na talatin da biyar, inda ban taɓa kai ido ba. Can anka ce ƙa'idar kai mutum kotu da gaggawa ba ta hau kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, matuƙar zargin mai dalili ne. Na ji kamar an ba ni ƙwarya da hannun dama an karɓe da na hagu. A gabanta na fashe da kuka, ni da ban yi kuka gaban jami'ai ba.

Da na natsu ta ce kada in yanke ƙauna, don duk shari'ar tana rataye ga kalma biyu, wato mai dalili. Ba kowane zato ne doka ta yarda da shi ba, sai wanda mai hankali zai duba shi ce lalle akwai hujja. Mutumin da ya kawo kansa, ya bayyana abin da ba wanda ya sani, in an samu wanda ya ga bindiga a ƙeyarsa, to zaton ya rasa ƙafar tsayawa. Ta ƙara da cewa wutsiyar nan ba ta shafe sauran haƙƙoƙin ba. Har yau ba a ba shi dalilin tsare shi a rubuce ba, kuma an sa shi dangwala yatsa ga takardar Turanci, shi da ko sunansa da ajami shike rubutawa. Ta ce waɗannan suna babi na huɗu, shi kuwa wanga babi Babbar Kotu tana da ikon tilasta shi. Kai da ka yi shekara talatin kana tafinta a kotu, ka fi ni sanin yadda kalma guda kan ɗaure mutum ko ta kwance shi.

Daga nan na biya Wurno wurin Baffa Malami, don zuciyata ta rikice. Na iske shi a zaure bayan ya sallami masu ɗaukar karatu. Da na kwashe mashi labari sai ya ce shi wanga littafi ba baƙonsa ba ne. Ya tuna na shekarar saba'in da tara, yadda ake fassara shi a rediyo suna zagaye da akwati a ƙofar gida, da yadda bayan shekara huɗu soja sunka jingine shi da sanarwa guda. Ya ce na yanzu ma soja ne sunka bar shi a kan hanyarsu ta fita, ya fara da cewa mu jama'ar ƙasa mun amince, alhali shi bai ga wanda ya zo Wurno ko Rabah ya tambayi kowa ba. Na ce to Baffa ashe banza na koyar. Ya ce a'a, in kiyaye harshena. Ya ce ko ba ka wurin da anka rubuta wasiyya, wanda ya karɓi amanarta dole shi zartar. Duk mai riƙe da muƙami a ƙasar nan sai da ya ɗaga Alƙur'ani ko littafin addininsa ya rantse zai kiyaye wanga kundi, ba wanda ya tilasta shi. Alƙawari kaya ne, mu kuwa aikinmu mu tuna wa mai kaya da kayansa. Ya kuma ce in gaya wa Ɗahiru cewa a shari'ar Musulunci wanda anka tilasta da makami ba a haɗa shi da mai ganganci, kada shi kashe kansa da tunani.

To Kawu, ga inda muke. Barista Mashkura ta shigar da ƙara Babbar Kotu, na je na yi rantsuwa a kan abin da na sani, an sa ranar ashirin da uku ga watan gobe. Amma ni ban shiga jirgin ba, abin da na faɗa ji ne ba gani ba. Mutum guda ne ya gani, shi ne Alhaji Sa'adu. In kifi ya fito ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Zayyanu ya rantse mani ya gan shi sau biyu a kasuwar albasa nan Ibadan. Kuma an raɗa wa lauya cewa ana shirin kwashe waɗanda ke tsare a kai su wata jiha mai nisa. In haka ta faru kafin a samu shaida, ta ce shari'ar na iya ɗaukar shekaru.

Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninka da Inna, ka nemo shi. Na san gwiwarka, na san ba ƙaramin abu nake ɗora maka ba. Kada ka yi mashi faɗa, tsoronsa na gaskiya ne, shina da 'yan uwa a Maikujera waɗanda ba su da wurin gudu. Ka gaya mashi ba sai ya zo Sakkwato ba. Lauya ta ce zai iya yin takardar rantsuwa a Babbar Kotun da ke nan wurinku, a buga hatimi a aiko, kuma za ta roƙi alƙali a sakaya inda shike zaune. Kai ka san ƙofar da ake shiga, ka san yadda ake tsara maganar. Ka zauna kusa da shi ka fassara mashi kowane layi kafin shi sa hannu, kada a yi mashi irin ta Ɗahiru. Abin da idonsa ya gani kawai muke so, ko kalma guda kada shi ƙara. Na sa lambar Barista a bayan wagga takarda. In ya ƙi, ka gaya mani gaskiya da wuri, kada ka lallashe ni.

Ranar Juma'ar da ta wuce anka bar ni na gan shi, karo na biyu tun da anka tafi da shi. Minti biyar anka ba mu, da ragar ƙarfe tsakaninmu. Kawu, mutumin da ke jan taru shi kaɗai, yanzu sai da ya dafa bango ya iso. Ƙafafunsa sun kumbura, shina tari. Ya tambayi uwarsa, ya tambayi yara, ya ce a fitar da jirgin daga ruwa kada shi ruɓe. Da mai gadi ya ce lokaci ya yi, sai ya matso ya tambaye ni a hankali, ba da fushi ba, ko har yanzu ina ganin daidai ya yi da ya kai kansa. Na dube shi na ce daidai ka yi, doka tana bayanka. Ya gyaɗa kai, ya yarda, don bai taɓa jin na yi mashi ƙarya ba. Tun daga ƙofar nan har Goronyo ban san ko gaskiya na gaya mashi ba. Kawu, ka taimake ni kada ta zama ƙarya.

Ka gaishe mani da Goggo Zinariya da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a. Ina gaida Yaya Shafi'u da maiɗakinsa, da Ja'afar, Allah shi ba shi sa'ar karatu. Inna da Baffa Malami suna gaishe ka. Inna Uwaliya, mahaifiyar Ɗahiru, ta ce in gaya maka ba ta san ka ba, amma ta durƙusa maka. Allah shi kai wagga takarda hannunka da wuri, shi tausasa zuciyar wanda za ka nema.

Wassalam. Ɗiyarka mai jiran amsarka,

Zakiyya.