Inna Ta Kashe Mukayyif

Sharafiyya, Jidda.

Zuwa ga ƙanena Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da ranka da lafiyarka, kai da abokan aikinka, ya kuma kashe wutar yaƙin nan na Sudan. Mu nan alhamdu lillahi. Matarka Ihsan ta warware daga zazzaɓin da ta yi, 'yarka Lama ta shiga makaranta, Larabcinta har ya fara danne Hausar. Husaini maƙwabcinmu zai bi jirgin ruwa zuwa Sawakin, can ƙasar taku, shi na ba takardar, don wayarka sai a yi mako ba ta shiga.

Ba zan sake ce maka ka dawo ba, na gaji. Tun da matarka da 'yarka suka tsallako teku kai ka tsaya, bakina ya bushe da roƙo, amsarka ɗaya ce: in injiniyoyi suka watse, wa zai riƙe wutar lantarkin ƙasa? Mun ji yadda jirage marasa matuƙa suka sake ƙona muku taransifoma, kuka ciro tsohuwa daga wata tasha kuka ɗaura. Ku gyara, a fasa, ku sake gyarawa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, amma na san ka tun kana rarrafe, ba ka sakin abin da ka kama.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna ranar da wayarka ta shiga, ta tambaye ka aikin naka? Ka ce mata wutar ba ta isa, kullum sai ka yanke wa unguwanni ka ba asibiti da injin ruwa, kuma da masu hali za su kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya-ɗaya, da jarirai ba su kwana cikin duhu ba. To, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, tun ranar Inna ta kashe na ɗakinta. A wurinta wuta kogi ɗaya ce a duniya, abin da ta rage a Jidda kai zai iske. Mijina Badr ya zauna ya yi mata bayani cewa babu wayar wutar da ta haɗa mu da ku, akwai teku a tsakani. Ta ce tekun bai hana muryarka zuwa ba, halas, shi ke nan, kada a dame ta.

Da farko dariya muka yi. Yanzu zafi ya shigo, ka san gumin Jidda. Tana zaune da mafici, in na kunna tana barci, ta farka ta kashe. Ranar Talata ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki, sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti. Likita ya ce da hawan jininta, zuciyarta ba za ta ɗauki wannan zafin ba. Ina jin tsoro, Haladu, kuma ina jin haushinka, ko da yake na san ba da nufi ka yi ba.

Maganata ba ta ji, taka take ji. Duk inda ka samu waya ta kama, ko kan tudu ne ka hau, ka turo mata saƙon murya. Ban ce ka yi mata ƙarya cewa wuta ta wadata ba, za ta gane. Ka yi mata irin ta aikinka: ka ce ka duba, ka raba, rabon ɗakinta ya fito, kuma kai ka ba da umarni a kunna. Ka saba zaɓen wanda za a ba wuta don kada ya mutu. Wannan karon ka sa mahaifiyarka cikin waɗanda za a ba.

Ihsan da Lama suna gaishe ka, haka Badr da Goggo Jawahir ta unguwar Bagdadiyya. Inna ta ce in tambaye ka ko abin da take ragewa yana isowa. Na ce mata kai za ka amsa.

Yayarka,
Hindatu